Kallabin da Na Ɗaura wa Kyamara

Da sunan Allah, wanda yake ganin komai kuma yake rufa wa bayinsa asiri.

Ku 'ya'yana, Rabi da Sulaimanu da Ladidi, na san abin da kuka ji game da barina aiki a laburaren garinmu. An ce muku uwarku ta rufe idon kyamara don ta ba ɓarawo hanya. Sulaimanu ya yi dambe a tashar Yako saboda wannan magana, har aka yaga masa riga. Ladidi ta yi wata biyu ba ta taka gidana ba. Kun tambaye ni, na ce ku bar maganar, kuka ɗauka girman kai ne. Ba shi ba ne. Amana ce aka ba ni, yanzu kuma mai ita ya sake ni. Ban taɓa zama a aji ba, kun sani, don haka faɗa nake yi ana rubutawa. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki.

Laburaren nan 'yan garinmu da ke aiki a birni ne suka haɗa hannu suka gina shi, shekara biyu bayan rasuwar mahaifinku. Ɗaki ne babba da baranda, da ƙaramin ɗaki a baya inda ake ajiye batiran sola. Malam Nura, wani malamin firamare mai sanyin hali, shi ke kula da littattafai. Ni kuwa aka ba ni shara, da cika randa, da tsaron takalma, domin an shimfiɗa darduma a ciki, ba a shiga da takalmi. Wannan tsaron takalma ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ido. Ban san baƙi ko ɗaya ba a cikin littattafan nan, amma na san garin nan kaf ta ƙafafunsa. Na san silifar da aka ɗinke da zaren buhu, na san sau-ciki mai cin gefe ɗaya, na san wanda ya aro takalmin wansa don ya zo ya yi fankama. Idan yaro ya ce wa uwarsa yana laburare alhali yana gidan kallon ƙwallo, wurina take zuwa, in dubi baranda in ce, “Ƙafarsa ba ta zo nan ba yau.” Shi ya sa suka sa mini Iya Mai Ido. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Daɗinsa ma nake ji.

A ƙarshen damina aka ɓalle tagar baya aka ɗauke batir ɗaya. Sai Alhaji Tukur, shugaban kwamitin laburaren, ya taho daga Kano da wasu samari biyu da tsani da kwalaye. Kafin la'asar sun kafa kyamara uku: ɗaya a ƙofa, ɗaya a ɗakin batir, ɗaya a can saman rufin ɗakin karatu tana leƙo kan kowa. Da aka zo maganar inda za a ajiye talabijin ɗin da ke nuna abin da suke gani, Alhaji ya yi dariya ya nuna ni.

“Ku ajiye ta a gaban Iya Hansai. Duk garin nan wa ya fi ta ido?”

Aka kafa mini ita a baranda, dab da bencina. Aka kunna. Wayyo daɗi! Ga Malam Nura can ciki yana sosa ƙeya, ga shi nan a gabana ƙarami kamar ɗan tsana. Ga ƙofa, ga ni kaina zaune da tsintsiya a hannu. Na ɗaga hannu, matar cikin talabijin ta ɗaga. Na gyara ɗaurin kallabina, ta gyara. Ban san lokacin da na saki shewa ba, ni da kuka sani ba na dariya a gaban yara. Ranar ko abincin rana ban tuna da shi ba. Shekara sittin da wani abu ina wahalar da idanu biyu, sai ga guda uku an ƙara mini a kyauta, ba sa ƙiftawa, ba sa ruwa, ba sa jin barci.

'Yan acaɓa suna da tasha a gindin darbejiyar da ke fuskantar laburaren. Kwana biyu kawai suka gano abin, sai barandata ta koma gidan kallo. Babbansu Ɗanjuma, mai baki kamar rediyo, shi ke fara zuwa.

“Iya, barka da aiki. Yau wane fim ake yi?”

“Fim ɗin masu barci a kan littafi. Matsa daga kan takalman mutane, mara kunya.”

Ina korarsu da baki, amma a zuciyata ina so su zo. Ni ce mai bayani. In ce ga ɗan gidan liman can ya yi awa guda bai juya shafi ba, ga wancan yana cin gyaɗa a ɓoye, ga wance tana share hawaye a kan wani littafi mai jan bango. Su kwashe da dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma. Malam Nura ya taɓa fitowa ya ce mini a hankali, “Iya, anya wannan ya dace kuwa?” Na ce masa wanda bai zo sata ba, me zai ɓoye? Ku riƙe wannan magana tawa, za ta dawo.

Takalma ne suka fara ba ni labari, amma ban saurare su ba. Silifas ɗin mata suka fara raguwa. Akwai wata matar aure da ke zuwa tana duba littattafan lafiyar mata, ta daina. 'Yan mata biyu masu shirin jarrabawar aikin jinya suka daina. Na ce ai kaka ce, kowa yana wajen ɓarar masara da sussukar shinkafa.

Yanzu sai baffanku Isyaku, ƙanin mahaifinku. Kun tashi kun ga ana ce masa Sakatare. Biro biyu a aljihun gaba, tabarau a rataye a wuya, jarida a hammata. Shi ne sakataren ƙungiyar manoman masara ta yankinmu. Duk wanda aka aiko wa takarda, ko ya sayo maganin feshi bai gane rubutun jikin kwalbar ba, wurinsa yake kaiwa. Shi kuma ya juya takardar, ya yi gyaran murya, ya ce, “Bar ta a nan, in duba ta a natse, ka dawo gobe.” Gobe kuwa sai ya zayyana maka komai daidai. Haka ake yi shekara talatin. Matarsa Asabe ta rasu a farkon wannan damina, daga nan kowa ya lura goben Sakatare ta daina zuwa. Aka ce baƙin ciki ne.

Ya fara zuwa laburare bayan azahar. Ya ajiye sau-cikinsa a ƙarshen layi, ya tsokane ni yadda ƙanin miji ya saba.

“Matarmu, har yanzu ba ki gaji da gadin takalman mutane ba? Ki zo in ajiye ki a gida ki huta.”

“Ka fara sayen sabon takalmi tukuna. Wannan dunduniyarsa ta fi ni tsufa.”

Sai ya shige can kusurwa, ya ba bango baya, ya baza jaridarsa ta rufe masa fuska. Ta ƙasa ba mai ganin abin da ke bayan jaridar. Amma ita kyamara ta sama take kallo.

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ce, 'yan acaɓa duk sun tafi jigilar mutane, Allah ya sa ni kaɗai ce a baranda. Na dubi talabijin, sai na ga wani ɗan littafi a kwance a cikin jaridar Sakatare. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Littafin yara ne, irin mai hoton akuya da bante da ciyawa, da manyan baƙaƙe a ƙarƙashi. Ga yatsansa yana bin baƙin a hankali, ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Sakatare! Mai biro biyu! Ba zan ɓoye muku ba, dariya ce ta fara kama ni, har na riƙe ciki. Na ce yau na samu abin da zan tsokane shi da shi har ƙarshen rayuwa. Da ya fito na tare shi tun kafin ya sa ƙafa a takalmi.

“Sakatare, ya akuya? Ta ci ciyawar kuwa?”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya ga kusurwar da ya taso a fili ƙarara. Sai ya zauna a ƙasa cikin takalman mutane, dattijo mai furfura.

“Yaya Hansai, wa ya gani?”

Bai taɓa ce mini Yaya ba sai ranar.

“Ni kaɗai.”

“Asabe ce take karanta mini,” in ji shi. “Ta yi firamare kafin aurenmu. In kawo takarda, ta karanta, in haddace, in fita in faɗa. Ko 'ya'yanmu ba su sani ba. Yanzu takardun mutane goma sha suna ƙarƙashin katifata. Wata ma ta asibiti ce. In na ce ban iya ba, shekara talatin na zama maƙaryaci. Na ce bari in gwada ko Allah zai sa in koya kafin a gane.”

Na tsaya da tsintsiya a hannu, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Da ba ranar kasuwa ba ce, da Ɗanjuma yana nan, da kafin magariba labarin ya kai Burumburum a bayan babur. Kuma ni ce zan fara nuna musu da yatsa. A nan take na tuna da matar auren nan da littafinta na lafiya, na tuna da mai share hawaye. Ashe ba masara ce ta hana su zuwa ba. Ni ce.

Na ce masa, “Tashi ka kakkaɓe rigarka. Takardar asibitin nan ka mayar wa mai ita yau, ka ce idonka na ciwo, ya kai wa Malam Nura. Gobe ka dawo wurin akuyarka. Ba wanda zai sake ganinka.”

Washegari na kori 'yan acaɓa da gaske, har da watsa ruwan randa. Na juya fuskar talabijin ga bango. Amma Malam Nura ya ce mini wannan bai isa ba, domin na'urar tana ajiye duk abin da ta gani, kuma Alhaji Tukur yana iya kallo a wayarsa daga Kano duk lokacin da ya so. Na jira ranar Juma'a da Alhaji ya zo gari, na same shi a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi. Na ce a bar kyamarar ƙofa da ta ɗakin batir, amma a cire ta saman masu karatu, domin mutum yana da abin da yake so ya karanta ba tare da an san ya karanta ba.

“Iya, ke da kanki? Wa ya yi ƙorafi?”

“Ba zan iya faɗa ba, ranka ya daɗe.”

“To ai shi ke nan. Wanda bai zo sata ba, me zai ɓoye?”

Maganata ce, ba ƙari ba ragi. Na haɗiye ta, na tashi na tafi.

Ina da wani tsohon kallabi shuɗi da mahaifinku ya sayo mini a Tudun Wada. Ranar Asabar bayan azahar na jawo teburi, na ɗora kujera a kai, na tattare zanena na hau. Malam Nura ya riƙe ƙafar kujerar yana salati, yana cewa, “Iya, za ki karye! Iya, ni ban gani ba, ban ji ba!” Na ɗaura wa kyamarar kallabi, na yi mata ɗauri mai kyau irin na zuwa biki, na sauko. Da aka kira la'asar na sake hawa na kwance. Daga baya na samu gora mai ƙugiya, na daina hawa. Haka na yi kullum, daga azahar zuwa la'asar. Alhaji kuwa ɗokin kallon waya ya riga ya sake shi, bai lura ba.

Sai na bi gida gida. Na samu matar auren nan tana tankaɗe, na raɗa mata cewa daga azahar zuwa la'asar idon yana barci. Na gaya wa 'yan matan jinya. Ban san yadda maganar ta yaɗu a tsakanin mata ba, amma cikin sati biyu barandata ta cika. Silifas ja, silifas kore, masu duwatsu, masu igiya, har wasu ƙafafun da ban taɓa gani ba daga rugar Fulani ta bayan rafi. Sai da na yi layi biyu! Ina jera su ina ƙirgawa da ido. A ƙarshen layi kuma kullum ga sau-cikin Sakatare da cinyayyar dunduniyarsa. In ya fito sai ya rage murya ya ba ni rahoto.

“Yaya, yau na wuce raƙumi.”

“Sai ka yi a hankali kada ya take ka.”

Wata rana ya fito yana rawar jiki, ya nuna mini buhun takin da wani ya ɗaure a bayan keke, ya ce ya gane kalma biyu a jiki da kansa. Muka tsaya muna kallon buhun nan kamar an kawo amarya.

Wata huɗu muka samu. Da zafi ya shigo, wani ɗalibi ya sa wayarsa caji kusa da taga a cikin ɗakin karatu, ya fita alwala. Ya dawo babu waya. Wani ne ya zuro hannu ta taga. Ni ina baranda ta ɗaya gefen, ban gani ba. Kyamarar da za ta gani kuwa tana sanye da kallabina. Ba a sami wayar nan ba har yau, kuma yaron marayan Allah ne, da ita yake karatu. Wannan nauyi nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Ku ma kada ku ce uwarku ba ta yi laifi ba. Na yi.

Kwamiti ya zauna a barandar laburaren, mutanen gari suka cika gindin darbejiya. Aka juyo da talabijin, aka koma baya don a ga ɓarawo. Abin da aka gani shi ne bakin gora yana tahowa da shuɗin ƙyalle, sai duhu. Aka koma jiya, haka. Aka yi ta komawa har ranar farko, sai ga fuskata ta cika talabijin, hanci kamar tulu, ina cije leɓe ina ɗauri. Wurin ya ɓarke da dariya. Ɗanjuma ya ce, “Wallahi wannan ne fim ɗin da ya fi kowanne!” Alhaji Tukur bai yi dariya ba.

“Iya Hansai, wa kike rufa wa asiri?”

“Masu karatu, ranka ya daɗe.”

“Wane daga ciki?”

“Wanda na rufe don kada a gan shi, ta yaya zan kira sunansa a gaban gari?”

Baffanku yana zaune a layin dattawa. Na ga ya dafa gwiwa zai miƙe, bakinsa yana motsi. Na zuba masa idon nan da kuka sani, wanda nake yi muku in kun taɓa tukunya kafin a raba. Ya koma ya zauna. Bai gama koyo ba tukuna, in ya tashi a ranar, ya zubar da shekara talatin kuma bai samu komai a madadinsu ba.

Bayan sati uku aka aiko mini da takarda a cikin ambulan. Na juya ta gaba da baya, na ajiye a kan faifai. Ku duka ba kwa gari. Da hantsi sai ga sallamar Sakatare. Ya ga ambulan ɗin, ya ɗauka, ya yi gyaran muryar nan tasa. Na jira in ji “ki bari sai gobe.” Sai na ga ya zauna a kan turmi, ya cire tabaran daga wuyansa ya ajiye gefe, domin ashe gilashin banza ne, ya ɗora yatsa a kan layin farko.

“Zu-wa ga Ma-la-ma Han-sa-tu.”

Na saki muciyar da nake tuƙi da ita.

“Ba-yan gai-su-wa. Kwa... kwa-mi-ti ya...” Gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan takardar. Ya tsaya a wata kalma, ya koma baya, ya sake tunkararta kamar mai tura amalanke a tudu. “Ya yan-ke sha-wa-ra.”

“Ci gaba, Sakatare! Kada ka tsaya!”

“Ya sal-la-me ki da-ga ai-ki.” Ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja. “Yaya, korarki suka yi.”

“Na ji! Saura layi nawa?”

“Uku.”

“To karanta mini su!”

Ya karanta su duka, har sunan Alhaji a ƙasa, har kwanan wata. Da ya kai ƙarshe na toshe hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun ranar auren Rabi. Na sake rangaɗa wata. Maƙwabta suka shigo a guje, wata da ludayi a hannu, suna tambaya wa ya haihu. Suka tarar da ni ina taka rawa a tsakar gida, Sakatare yana kan turmi yana dariya yana share ido da hularsa. Na ce musu, “An kore ni daga aiki!” Suka dubi juna, suka fita a hankali. Daga ranar aka ƙara da cewa Iya Mai Ido ta taɓu.

Ban koma aikin ba, ba a kuma neme ni ba. Na koma sana'ata ta ƙuli-ƙuli. Na ji daga baya matan gari sun aika wa kwamiti cewa ba za su sake shiga ba sai an cire kyamarar saman ɗakin karatu, aka cire, aka mayar da talabijin ɗakin batir aka sa kwaɗo. Ta ƙofa da ta batir suna nan, kuma daidai ne su zauna. Kallabina ne dai, da kwamiti ya karɓe ranar zaman nan, ba a dawo mini da shi ba.

Shekara huɗu ke nan. Takardun ƙarƙashin katifa duk sun koma ga masu su, an karanta musu a gabansu, ba sai gobe ba. Idan kun ga layukan wannan takarda sun karkace kamar kunyar gonar da sabon san huɗa ya yi, ku yi haƙuri da mai rubutun. Sati biyu muka yi a kanta, biro biyun nan na aljihu duk sun ƙare. Sau uku yana roƙona in cire wurin da ya zauna a cikin takalma. Na ce masa aikinsa rubutu ne, faɗa nawa ne. Ga shi nan yana rubuta wannan ma, yana hararata.